Shekarar da Aka Kwashe Ƙwan Yauni

Watan jiya ƴar'uwarku Rabi ta dawo daga suna a Jiratawa ranta a ɓace. Wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki a cikin mata, ta ce ga jikar Nomau, Sarkin Ruwan da ya hana ƙulli ya kashe mana yauni. Rabi ba ta san ƙulli ba, ba ta san yauni ba, amma ta san zagi in ta ji shi. Da ta tambaye ni na ce mata surutun tsofaffi ne. To, ɗiyana, ba surutu ba ne. Kakanku ya hana ƙulli, wannan gaskiya ne. Abin da mutane ba su sani ba shi ne dalili, kuma duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san dalilin, ga shi zaune a zaurensa na Sabon Gari a Maraɗi, la'asar ta yi masa sakaliya. Shi ya sa na ce a kawo takarda.

Yauni kifi ne, amma kada ku kawo tarwaɗa ko karfasa a ranku. Babbansa ya kai tsawon mutum, wani ma ya fi. Baƙi-baƙi ne, ga santsi, wutsiyarsa ta tafi siririya kamar ta gafiya. Yana da wata geza a gadon baya tun daga wuya har kusa da ƙarshe, da ita yake tafiya, jikinsa a miƙe sambal, in ya ga dama ya yi gaba, in ya ga dama ya yi baya ba tare da ya juya ba. Yakan taso ya shaƙi iska ya koma. Haƙoransa kuwa, Allah ya tsare. A zamaninmu, da gulbi ya kawo ruwa ya cika fadama, sai su hauro daga yamma, daga manyan ruwayen can wajen Sakkwato. Mutanen Tsibiri ke fara ganinsu, bayan kwana biyu ko uku a gan su a gindin tsohuwar Maraɗi, sannan su iso mana Jiratawa, wasu su wuce har tabkin Madarumfa. In ruwa ya ja, mafi yawa su koma inda suka fito, kaɗan su yi rani a tabkuna masu zurfi na cikin kurmi. E, kurmi na ce. Inda kuke ganin gonaki da rairayi yau, a da sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa kanka ba.

Haihuwa ke kawo su. Yauni ba ya watsar da ƙwai ko'ina kamar sauran kifaye, ɗaki yake ginawa. Yakan tsinko ciyawar burgu da baki ya tara ta wuri guda, ta yi faɗin tabarma tana lilo bisa ruwa, gefe uku a tashe, gefe ɗaya a nutse don ƙofa. Macen ta zuba ƙwai ta yi tafiyarta, namijin ya tsaya gadi. Ƙwan manya ne, kowanne ya kai ƴar magarya, launin zuma gare shi. To tsaron waɗannan ɗakuna shi ne aikin gidanmu tun kakanni. Ubana Ba'anne ne, mai addinin gargajiya, bai taɓa sa goshi ƙasa ba har ya koma. Da farkon damina yakan yanka wa mutanen ruwa baƙin bunsuru, sannan shi da yayana Bawa su kwanta bisa gora su shiga fadama neman ɗakuna. Duk inda suka ga ɗaya, sai su kafa doguwar sanda a gefensa, su ɗaura ganyen kaba a kai, su yi masa ƙulli uku. Magana ta ƙare. Mai koma ya ga ƙulli ya kauce, masu taru su kauce, Bafillace ya zaga da shanunsa, mata masu tsinkar bado su yi nesa. Sarakunan ruwan Maraɗi da Tsibiri su ma haka suke yi. Ba a kama yauni sai kaka, bayan ƴaƴan sun watse, kuma sai Sarki ya tuge sandar da hannunsa. An ce wanda ya taɓa ɗaki mai ƙulli hannunsa zai shanye. Ko zai shanye ko ba zai shanye ba, ban taɓa jin wanda ya gwada ba.

Ni kuwa ruwa bai karɓe ni ba. Ni ne ƙaramin, Mantau, kuma Inna takan ce da da baki ake su, da ni kaɗai na ciyar da Jiratawa. Na gudo Maraɗi ina saurayi, na musulunta aka sa mini Isufu, na shiga aikin Nasara tun daga ɗiban ruwa har na zama kuku. Baba bai yi fushi da sallata ba, ya ce kowa da wanda yake roƙo. A shekarar da nake ba ku labari na haura talatin, na auri uwarku Tsahara, ta haifi biyu, ruwa ya riga ya ci tsohon gari an maido mu bisa tudu. Ina dafa wa wani ƙaramin kumandan abinci, muna ce masa Mai Lofe don ba a ganin bakinsa ba lofe, a gabansa kuwa mu ce Mushe, wato maigida da yarensu. Ba mugu ba ne irin masu duka da ashar. Mutum ne mai tambaya, kome ya gani sai ya ce mene ne wannan, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ni kuma ga ni, mai ba da amsa tun ba a rufe baki ba. Mun dace ƙwarai.

Damina ta sauka da wuri a shekarar nan. Muka fita turne, wato rangadi, wajen ƙauyuka, shi bisa doki, ni a baya ina kora jakin kayan girki. Da muka hau tudun da ke kallon fadamar Jiratawa sai ya ja linzami, ya ciro madubinsa na hangen nesa. Ruwa ya malale har inda ido ya tsaya, ga sanduna nan tsaye birjik, kaba tana kaɗawa a kansu.

"Isufu, waɗannan sandunan fa? Iyakar gona ce a cikin ruwa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Mushe, wa ke noma ruwa? Aikin ubana ne wannan. Kowace sanda ka gani, akwai ɗakin babban kifi a gindinta, cike da ƙwai. Tun daga nan har Tsibiri ba ɗakin da ba a kafa wa sanda ba, ko ɗaya."

"Ƙwai? Yaya girmansu?"

Na nuna masa kan ƙaramin yatsana. Sai na ga ya cire lofe daga baki. Ya ce a ƙasarsu akwai wani babban kifi da ake fasa cikinsa a ɗebi ƙwan a sa gishiri, sai manyan masu hali ke ci, kuma kifin ya kusa ƙarewa a gulabensu saboda yawan kamu. Kun san abin da na ce masa? Na ce, ai don ba ku da Sarkin Ruwa ne, Mushe. Wallahi haka na ce, ina washe haƙora. Na ƙara masa da yadda ake ginin ɗaki, da yadda namiji ke gadi, da cewa yakan taso shan iska, shi kuwa yana ta rubutu. Da muka sauka gari Baba ya zo gaisuwa da kaza biyu, ni na yi musu tafinta, ina ji a raina yau na ɗaga gidanmu a gaban Nasara.

Bayan kamar kwana goma, bikinsu na tsakiyar damina ya gabato, wanda suke kafa tuta a yi tseren jakuna. Ana sa ran manyan baƙi daga Damagaram. Mai Lofe ya ce in tanadi gishiri da yawa da lemun tsami, in wanke duk wani daro da ke gidan. Ban kawo kome a raina ba, na ɗauka nama za a kawo. Ana jibi biki, da azahar, ina tsakiyar fiɗar agwagwa sai na ji kamiyo, wato babbar motar kaya, ya tsaya a bayan ɗakin girki. Na leƙo. Ƴan kaso ne, fursunoni, suke sauka, jikinsu duk taɓo har wuya, gardi, dogaran Nasara, suna tsaye kansu da bindiga. Ɗaya an naɗe masa hannu da tsumma, jini yana ɗiga, ashe yatsu biyu babu. Suka fara shigo da daro suna direwa a gabana. Na ɗaga buhun da aka rufe na farko da shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙwai ne. Daro cike fal da ƙwan yauni, da guntayen burgu a ciki. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Daro bakwai, ɗiyana. Ni da na girma a gidan Sarkin Ruwa ban taɓa ganin ƙwan nan ba sai daga nesa, ta ƙofar ɗaki, Baba yana riƙe da wuyan rigata. Ga shi yau an zube mini shi a ƙasa kamar gyaɗa. Na zauna bisa turmi. Ina nan zaune sai wani gardi ya shigo da dami a ka, ya jefar a gindin murhu.

"Kuku, ga makamashi mun taho maka da shi. In ya bushe ya ci wuta."

Sandunan ne, da kabarsu a jiki. Baba bahago ne, ƙullinsa hagu yake kwantawa, ko cikin dubu zan gane shi. Na ga nasa, na ga na mutanen Tsibiri, na ga na Maraɗi. Gardin yana ta ba ni labari yana dariya, wai bai taɓa yin aiki mai sauƙi irin wannan ba, ba nema ba wahala, ka hangi sanda ka nufe ta kawai. Wai kwana uku suka yi, sun faro daga Tsibiri suka ƙare a Jiratawa. Wai da kifin ya ciji ɗan kaso sai Mai Lofe ya ce su jira shi ya taso shan iska su harbe. Wa ya gaya wa Mai Lofe yana tasowa shan iska? Na toshe bakina da hannu biyu, amma an makara.

Na so in gudu, ban gudu ba. Mai Lofe ya shigo yana murza hannu, ya nuna mini yadda zan wanke, in tace, in barbaɗa gishiri. Kuma na yi. Da hannun nan da kuke sumbata ranar salla na yi. Wasu ƙwan har sun yi ido, kana ganin ɗan abu yana motsi a ciki, in gishiri ya taɓa shi ya murɗe ya tsaya. Haka na ci gaba. Kada ku tambaye ni don me. Tsoron kaso ne, da tsoron rasa aiki, da rashin zuciya, duk ku haɗa.

Ranar biki da rana aka shirya tebur a baranda. Na jera ƙwan bisa yankakken burodi da lemun tsami yadda aka ce. Mai Lofe ya miƙe ya yi jawabi, aka yi tafi. Wata madam daga cikin baƙi ta ɗauka ta ciza, abin ya fashe mata a baki, ruwan ya gangaro haɓarta. Ta yamutsa fuska ta tofar a ƙyalle. Wani ya ɗanɗana ya ce ƙarni, wani ya ce taɓo yake ji. Suka kwashe da dariya, har da Mai Lofe, ya ɗaga kafaɗa ya maida lofensa baki. Ko ɗan cokali goma ba a ci ba.

"Isufu, kwashe wannan. Zubar duka, kafin ya yi wari. Kawo agwagwa."

Shi ke nan fa. Abin da gidaje uku suka tsare tun kakannin kakanni, an ɗanɗana an yi dariya an ce kawo agwagwa. Ni na ɗauki daro bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na kai juji bayan gida na kife. Karen gidan ya zo ya sansana ya juya, gishiri ya yi masa yawa. Ungulai ne suka sauko. Na tsaya ina kallo, ina jin kiɗan tseren jakuna daga fili.

Washegari na nemi izini na kama hanyar Jiratawa a ƙafa. Tun ban ga ruwa ba wari ya tare ni. Da na hau tudun nan na duba, ba sanda ko ɗaya. Burgu a yayyage yana yawo, manyan yauni sun kumbura sun juya ciki sama, nan ɗaya can ɗaya, don waɗanda suka nutse bayan harbi ba a tsaya nemansu ba. Mutanen gari suna tsaye a bakin ruwa cirko-cirko. Na sami Baba zaune a gindin wata ƙirya, gefen fuskarsa a kumbure, ido ɗaya ya rufe. Yaya Bawa ya tare ni kafin in ƙarasa.

"Ka ga abin da sunka yi mashi? Shiga ya yi ya tsaya gaban ɗaki, ruwa har ƙirji, ya ce sai dai su harbe shi. Gardi ya sa gindin bindiga. Ni na jawo shi, da ya sha ruwa ya mutu."

Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Mantau, sanda ba ta magana. Wa ya gaya masu abin da ke gindinta?"

"Ni ne, Baba."

Bawa ya yi kaina, mutane suka riƙe shi. Inna ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Wannan kowa ya ji, kowa ya sani, na sha zagi a kansa shekara da shekaru kuma ban ce an zalunce ni ba. Abin da ba a sani ba shi ne na biyun. Da hayaniya ta lafa, Baba ya juyo da idonsa mai gani ya dube ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sun ci?"

Na dubi tsohon nan, fuska a kumbure, bakin zanensa duk busasshen taɓo. Na tuna juji da ungulai da kare. Ta yaya zan ce masa an zubar? Ta yaya zan ce abin da ya tsaya a harbe shi a kai, dariya aka yi masa? Tausayi ya kama ni, kunya ta fi tausayin yawa. Sai bakin nan nawa ya sake buɗewa.

"Sun ci, Baba. Sun cinye sarai. Har suna yabawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To." Ni kuwa har na ji sanyi a raina, wai na rage masa zafi. Kai, Mantau!

Rani ya wuce. Kafin ruwan fari aka ɗauke Mai Lofe aka kai shi wata ƙasa, wanda ya canje shi ko kifi ba ya ci. Ana nan sai na gamu da Yaya Bawa a kasuwar Maraɗi, ya zo saida busasshen kifi. Tun ranar nan ba ya yi mini magana, amma ya tsaya, yana kallon gefe, ya ce Baba ya tara sarakunan ruwan Tsibiri da Maraɗi a gidanmu, an yanke bana ba ƙulli. Sun yi gardama, na Tsibiri har ya tashi zai tafi, Baba ya ce musu ai Nasara sun ɗanɗana sun ji daɗi, ɗansa ya gani da idonsa, kuma wanda ya ji daɗin abu zai dawo, in bai dawo ba zai aiko ɗan'uwansa. Ya ce sanda ta zama ɗan jagora, gara a bar ɗakunan a ɓoye. Da wannan ya rinjaye su. Na tsaya a tsakiyar kasuwa kamar an kafa ni, har mai jaki ya bangaje ni ban ji ba.

Uwarku kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, ka tashi yanzu ka tafi ka gaya mashi. Yanzun nan, ba gobe ba."

"In ce mi? In ce bayan na tona asiri na kuma yi mashi ƙarya a gaban gari?"

"E, haka za ka ce. Zagi ne za ka sha, ai ka saba."

Allah ya jiƙan Tsahara, ba ta iya zagaye ba. Na tafi kuwa. Na je har ƙofar gida, na sami Baba yana gyaran gora, na gaishe shi ya amsa, har ya sa aka kawo mini fura. Wannan furar ce ta kashe ni. Shekara guda bai amsa gaisuwata ba, yau ya amsa, in ɓata kuma? Na ce masa dai Mai Lofe ya tafi, sabon ba ya cin kifi. Ya ce wani zai zo. Na sha furata na yi sallama na dawo, na ce wa uwarku ban same shi ba. Ta dube ni ta ci gaba da aikinta.

A daminar nan yauni sun hauro, ba kamar da ba, amma sun hauro, sun yi ɗakuna. Ba Nasaran da ya zo, ko ɗaya. Mu muka gama da su. Ba sanda, to wa ya san inda ɗaki yake? Masu taru suka ja ta kansu, shanu suka tattake na bakin gaɓa, mata suka yi ta karo da su wajen tsinkar bado. Kuma tsoro ya fita daga zukatan mutane. Kowa ya ga gardin nan suna yawo a gari da hannuwansu lafiya lau, ba wanda ya shanye. Samari suka gane namiji mai gadi ba ya gudu, sai su laɓe da mashi su jira shi ya taso. Naman yauni ya cika kasuwa a tsakiyar damina, abin da ba a taɓa gani ba, har ni an aike ni na saya. Baba da Bawa su biyu suna ta zagaya fadama bisa gora suna ihu, wa zai ji su? A shekara ta uku na Tsibiri ya koma kafa sanda, samari suka bi sandunan da mashi. Daga nan aka daina ganin yauni a Tsibiri, sai a gindin Maraɗi, can ma aka daina. Ban ce ni kaɗai na ƙarar da su ba. An sare kurmi an shuka gyaɗa, rairayi ya cike tabkunan da suke rani. Amma shekarar da za a iya ceton abin, shekarar da tsoro bai gama fita ba, sanduna ne babu, kuma kun ji wanda ya sa babu.

Ana damina ta biyar, wata safiya Bawa ya aiko a ce mini an ga ɗaki ɗaya a wani lungu bayan Jiratawa, Baba ya tare a can yana gadi da kansa, ya ƙi dawowa gida cin abinci, ƙafafunsa sun kumbura. Na bar tukunya bisa wuta na tafi. Na same shi tsaye cikin ruwa har kwankwaso, ya rame, yana dogare da sanda. Ga ɗakin nan a gabansa, an gina shi da kyau, gefe uku a tashe. Ga namijin yana zagayawa, babba ne, tsoho, da tabon mashi a baya. Na shiga ruwan da wandona na tsaya kusa da Baba. Ya ce kwanansa tara a nan, ya kori masu taru sau uku. Ya ce yau ya kamata ƴaƴan su fara fitowa, amma bai ga motsi ba.

Da rana ta take, kifin ya ja baya ya taso shan iska, Baba ya miƙa sandarsa a hankali ya ɗaga gefen burgun. Muka leƙa tare. Ba kome. Ba ƙwai, ba ɓawon ƙwai, ruwa ne kawai da ciyawa. Mace ba ta taɓa zuwa ba. Shi kaɗai ya hauro, ya yi gininsa, ya tsaya yana gadi. Baba ya saki burgun. Kifin ya dawo da gudu ya ci gaba da zagaye, yana buɗe mana baki.

A nan abin ya fito, ban shirya ba.

"Baba, ba su ci ba."

Bai juyo ba. "Su wa?"

"Nasara. Ƙwan nan. Ɗanɗanawa suka yi suka tofar, suka yi dariya. Ni na kwashe na kai juji. Ba su da niyyar dawowa, tun ranar na sani."

Ya juyo gaba ɗaya, ruwa yana motsi a kwankwasonsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba, bakinsa a buɗe, kamar bai san ni ba.

"Duka?"

"Duka, Baba. Daro bakwai."

"Ran da ka zo na ba ka fura, ka sani?"

"Na sani."

Na so ya ɗaga sandar nan ya rafka mini, wallahi da na ji daɗi. Bai ɗaga ba.

"Mantau, da ka gaya mani a ranar, da na yi kuka kwana ɗaya, in ruwa ya sauka in koma in kafa sandunana."

Ya juya ya nufi gaɓa, yana jan ƙafa, sau biyu yana tuntuɓe. Na miƙa hannu in riƙe shi, ya janye kafaɗarsa. Ya hau tudu ya bi hanyar gida bai waiwayo ba, ya bar ni a ruwa ni da kifin. Bai gaya wa kowa ba, ko Bawa, ya bar mutane suna zaginsa a kan ƙulli. Ya ƙara shekara biyu a duniya. Ina zuwa gaishe shi duk wata, yana amsawa, yana sa a kawo mini fura, amma ko lafiyar iyali bai sake tambayata ba har ya mutu.